Darasi: Yadda Bairos ɗin HTLV-1 Ke Shiga Fararen Ƙwayoyin Jini

A shekarun 1970, likitocin jini a Jami'ar Kyoto ta ƙasar Japan suka fara cin karo da wata irin sankarar jini da ba ta cikin littattafansu. Ba ta kama yara. Duk masu ita manya ne, akasari sun haura shekara 40. Kaluluwa takan fito musu, hanta da saifa su kumbura, fata ta yi ƙuraje, kuma da yawansu ba sa cika shekara bayan an gano cutar. In aka ɗiga jininsu a gilashi aka duba da madubin likita, sai a ga fararen ƙwayoyin jini masu cibiya a lanƙwashe, mai kunnuwa kamar fure. Da aka bi asalin marasa lafiyar, sai ga shi yawancinsu haifaffun yanki ɗaya ne, wato tsibirin Kyushu da ke kudu maso yammacin ƙasar, ko da sun daɗe da barin gida. A 1977 Kiyoshi Takatsuki da Takashi Uchiyama da abokan aikinsu suka wallafa bayanin cutar.

Wane abu ne mutum zai ɗauko daga garin haihuwarsa, ya zauna masa a jiki shiru shekara 40 ko 50, sannan ya tashi?

Amsar ta fara fitowa daga Amurka. A 1980, Bernard Poiesz da Robert Gallo na Cibiyar Binciken Sankara ta ƙasar suka sanar da gano wani sabon bairos a ƙwayoyin jinin wani mara lafiya. A 1981 Yorio Hinuma ya nuna cewa masu waccan sankara ta Japan suna ɗauke da alamun wani bairos a jininsu, a 1982 kuma Mitsuaki Yoshida ya ware shi. Da aka gwada na Amurka da na Japan, sai aka ga abu ɗaya ne. Shi ne ake kira HTLV-1. Shi ne na farko da aka gano a jikin ɗan Adam daga dangin da ake kira retirobairos. Ɗan'uwansa da kowa ya sani, HIV mai kawo ƙanjamau, sai a 1983 aka gano shi a Faransa.

An ƙiyasta mutum miliyan 5 zuwa 10 ne ke ɗauke da HTLV-1 a duniya, kuma masu ƙiyasin da kansu sun ce adadin zai fi haka, don akwai ƙasashe masu ɗimbin jama'a da ba a yi cikakken bincike a cikinsu ba. Ba a warwatse yake ko'ina daidai ba, guri-guri yake taruwa: kudancin Japan, Jamaika da sauran tsibiran Karibiyan, Brazil da Peru, yankin Mashhad na Iran, tsakiyar Ostireliya, sai Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ciki har da Najeriya, Ghana, Kamaru da Gabon. Ke nan ba labarin nesa ba ne. Mafi yawanmu dai ba mu taɓa jin sunansa ba.

Ƙwayoyin da yake nema

Jini ruwa ne mai ɗauke da ƙwayoyi. Jajayen ƙwayoyi su ne mafi yawa, aikinsu kai iskar da muke shaƙa zuwa sassan jiki. Farare ba su kai su yawa ko kusa ba, amma su ne garkuwar jiki. A cikin fararen akwai wani rukuni da ake kira ƙwayoyin T. Asalinsu daga ɓargo ne, sai su je su nuna a wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos.

Iri biyu daga cikinsu suka shafe mu. Akwai masu alamar CD4 a jikinsu, waɗanda ke ba sauran ƙwayoyin garkuwa umarni in cuta ta shigo. Akwai masu alamar CD8, waɗanda ke neman duk ƙwayar jikin da cuta ta shiga su kashe ta. HTLV-1 da HIV duk masu CD4 suka fi kamawa, sai dai abin da suke yi da su ya sha bamban. HIV kashe su yake yi har garkuwar jiki ta rushe. HTLV-1 raya su yake yi, ya sa su yi ta hayayyafa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wata ɗabi'ar ƙwayar T da ya kamata ku sani tun yanzu ita ce yawan taɓa 'yan'uwanta. Ba ta iya aikinta daga nesa. Kullum tana yawo tsakanin jini da kaluluwa, tana manne wa wannan ƙwaya na ɗan lokaci, ta bincika ta, ta sake ta, ta wuce ga wata.

Shi bairos ɗin

Ƙanƙanta gare shi ƙwarai: sai an jera kusan 10,000 kafin su kai tsawon milimita ɗaya. A waje yana da tantani mai maiƙo wanda ya yago daga jikin ƙwayar da ya fito, a kan tantanin kuma akwai ƙayoyin furotin. A ciki akwai umarninsa na gado, a rubuce cikin sinadarin RNA, kwafi biyu, kowanne haruffa kusan 9,000. Na ɗan Adam kuwa a rubuce yake cikin DNA, haruffa kusan biliyan 3, a adane cikin cibiyar kowace ƙwaya.

A ƙa'idar da aka saba, ƙwaya takan karanta DNA ta fitar da RNA, daga RNA ta ƙera furotin. Retirobairos yana tafe da wani sinadari da ke juya wannan hanya baya, ya karanta RNA ya rubuta DNA. Howard Temin da David Baltimore ne suka gano sinadarin a 1970, kowanne a ɗakin bincikensa, aka kuma ba su kyautar Nobel a 1975. Akwai sinadari na biyu da yake tafe da shi, mai yanka DNA ɗin mutum ya cusa na bairos ya ɗinke. Da waɗannan biyu yake dasa kansa a cikin ƙwaya, amma ba su da amfani gare shi sai ya samu shiga.

Mariƙai uku

Kafin bairos ya shiga ƙwaya, dole ƙayoyinsa su sami abin kamawa a jikinta. Masu bincike sun daɗe suna neman mariƙin HTLV-1, har kusan shekara 20, sai daga baya aka gane uku ne suke aiki tare.

Na farko wasu zaruruwan sukari ne masu danƙo da ke lulluɓe da ƙwayoyin jiki, ana ce musu hefaran salfet. Su ke fara tare bairos su riƙe shi kusa. Daga nan ƙayarsa ta kama wani furotin mai suna niyurofilin-1, wanda ke ƙara masa ƙarfin riƙo ya kuma sauya fasalin ƙayar. Na uku shi ne GLUT1, wanda masu bincike a birnin Montpellier na Faransa suka gano matsayinsa a 2003. Asalin aikin GLUT1 shigar da sukari cikin ƙwaya, wato abincinta. Da ƙayar bairos ta kama shi, sai wani ɓoyayyen sashe nata ya buɗe, ya soki tantanin ƙwayar, ya jawo tantanin biyu su haɗe su zama ɗaya. Abin da ke cikin bairos sai ya zube cikin ƙwayar.

Ƙwayar T da ke hutawa ba ta da GLUT1 da yawa. Sai ta farka za ta yi yaƙi da wata cuta take ƙara shi, don a lokacin tana bukatar abinci. Saboda haka ƙwayar da ta tashi aiki ta fi saurin kamuwa. Jajayen ƙwayoyin jini kuwa cike suke da GLUT1, amma ba su da cibiya, ba su da DNA, don haka babu abin da bairos zai yi da su.

A nan mai lura zai yi tambaya. Kusan kowace ƙwaya a jiki tana cin sukari, da yawa kuma suna da waɗannan mariƙai. Me ya sa in aka auna jinin mai ɗauke da HTLV-1, kusan kashi 90 cikin 100 na bairos ɗin a cikin ƙwayoyin CD4 ake samunsa? A ɗakin gwaji lallai yana iya shiga ƙwayoyi iri-iri. Amsar tana wuri biyu: yadda yake tafiya daga ƙwaya zuwa ƙwaya, da abin da yake yi bayan ya shiga.

Ba ya tafiya shi kaɗai

In aka ɗebi jinin mai HIV da ba ya shan magani, aka ware ruwan jinin daga ƙwayoyin, za a sami bairos dubbai ko ɗaruruwan dubbai suna yawo a kowane mililita. In aka yi haka da jinin mai HTLV-1, galibi ba za a sami komai a ruwan ba. Likitocin ƙarin jini sun ga wannan tun a shekarun 1980. Waɗanda aka ƙara wa jini mai ƙwayoyi daga mai ɗauke da bairos, kashi 40 zuwa 60 cikin 100 sun kamu. Waɗanda aka ƙara wa ruwan jini zalla, ba ƙwayoyi, ba su kamu ba. Jinin da ya daɗe a firji ma haɗarinsa yakan ragu, don fararen ƙwayoyin suna mutuwa a ajiye. 'Yan ƙalilan ɗin bairos da kan fita su kaɗai kuma ragwaye ne, da wuya su iya kama ƙwayar T.

To yaya yake yaɗuwa? A 2003 Tadahiko Igakura da Charles Bangham da abokan aikinsu a Kwalejin Imperial ta Landan suka ga abin da idonsu. Sun haɗa ƙwayoyin T na masu ɗauke da bairos da na masu lafiya, suka sa ido. Ga abin da ke faruwa.

Ƙwayar da ta kamu tana cikin yawonta sai ta taɓa wata lafiyayya. A jikinta akwai wani furotin na mannewa, ICAM-1, wanda bairos ya sa ta ƙara yawansa. A jikin lafiyayyar akwai abokin haɗinsa, LFA-1. Su biyun sukan kama juna, ƙwayoyin su manne gam. Daga nan sai wani abu ya faru a cikin mai ɗauke da cutar. Kowace ƙwaya tana da siraran zaruruwa a cikinta da take jigilar kaya a kansu daga wannan gefe zuwa wancan, kuma zaruruwan suna da mahaɗa guda. Wannan mahaɗa sai ta juya ta fuskanci inda ƙwayoyin suka haɗu. Kayan ƙera bairos su bi zaruruwan su taru a wurin. Sababbin bairos su ɓullo cikin ɗan siririn sarari da ke tsakanin ƙwayoyin biyu, wanda aka rufe ta kowane gefe, su tarar da mariƙansu a gabansu, su shige. Duk abin bai wuce 'yan sa'o'i ba.

Ku lura da abin da bairos ya ci riba da shi. Bai fito fili ba, balle sinadaran kariya da ke yawo a jini su same shi. Bai ɓata ko ɗaya a nema ba, don an kai shi har bakin inda za shi. Kuma bai ƙirƙiro sabuwar hanya ba: wannan mannewa da juyawar zaruruwa su ne ainihin abin da ƙwayar T ke yi in za ta isar da saƙo ga wata ƙwayar garkuwa. Aikinta na halal ya karɓe ya mayar nasa. Tunda kuwa ƙwayoyin T sun fi cuɗanya da junansu da sauran ƙwayoyin garkuwa, a cikinsu yake ta zagayawa.

A 2010 aka ƙara gano wasu hanyoyi biyu. Ƙungiyar Maria-Isabel Thoulouze a Cibiyar Pasteur ta Paris ta nuna cewa ƙwayar da ta kamu takan tara bairos a bayan tantaninta cikin wani yauƙi na sukari da furotin da ita kanta ta ƙera. In ta gogi wata ƙwaya, sai dunƙulen yauƙin ya maƙale wa waccan, da bairos ɗin da ke ciki. Da aka wanke yauƙin a gwaji, yaɗuwar ta ragu sosai. Wasu masu binciken a Amurka kuma suka ga ƙwayar takan miƙa siraran hannuwa zuwa ga maƙwabtanta, bairos ya bi ta kansu. Akwai kuma wasu ƙwayoyin garkuwa masu rassa da ke zaune a fata, da maƙogwaro, da hanji, da al'aura, waɗanda aikinsu tsintar baƙon abu su kai wa ƙwayoyin T a kaluluwa. Waɗannan suna iya ɗaukar bairos ɗin, su miƙa shi ga ƙwayoyin T yayin da suke gabatar da abin da suka tsinto.

Duk hanyoyin abu ɗaya suka haɗa: sai rayayyar ƙwaya ta taɓa rayayyar ƙwaya.

Bayan ya shiga

Da zarar ya zube cikin ƙwaya, sinadarin nan mai juya hanya zai mayar da RNA ɗinsa DNA. DNA ɗin ya isa cibiya, sinadari na biyu ya yanka na mutum ya dasa shi a ciki. Daga wannan lokaci umarnin bairos ya zama wani yanki na umarnin ƙwayar, har ta mutu. Galibi kwafi ɗaya tak ake samu a kowace ƙwaya, kuma wurin da ya sauka ya bambanta daga wannan kamuwa zuwa waccan.

Duk wanda ya san yadda ake kwafar littafi da hannu a zaurukan malamai zai gane abin da ya biyo baya. A ce wani ya sami littafin malam ya saƙa layi ɗaya a tsakiyar shafi, da irin tawadar da irin hannun. Almajirin da aka ba kwafa zai kwafe har da layin, don bai san baƙo ba ne. Wasu su kwafa daga nasa, wasu daga nasu. Wanda ya saƙa layin ba ya bukatar ya sake dawowa. Masu kwafa sun ɗauke masa aikin.

Haka HTLV-1 ke yi. Duk sanda ƙwayar da ta kamu ta rabu biyu, takan kwafi DNA ɗinta duka, har da na bairos, 'ya'yan biyu su gada. A makonnin farko bayan kamuwa, yakan bazu ta hanyar taɓawar da muka bayyana. Da garkuwar jiki ta farga ta fara kashe ƙwayoyin da ke ƙera bairos, sai mafi yawan ƙaruwarsa ta koma ta hanyar rabuwar ƙwayoyi. Kowace ƙwaya da ta kamu tun farko takan kafa zuriya, kuma ana gane 'yan zuriya ɗaya da wurin da bairos ya zauna a DNA ɗinsu. Mutum ɗaya yakan ɗauki dubban irin waɗannan zuriyoyi, wasu su rayu shekaru da dama.

Wannan ya warware abubuwa biyu. Magungunan HIV suna tare sinadaran juyawa da dasawa, wato suna hana sabuwar kamuwa. Ba su da iko a kan ƙwayar da ke rabuwa da abin da ta riga ta gada, shi ya sa ba sa rage HTLV-1 a jikin wanda ya daɗe da shi. Na biyu, sinadarin juyawa yawan kuskure gare shi, shi ya sa HIV ke ta sauya kama; na'urar kwafar ƙwayar mutum kuwa da wuya ta yi kuskure. Don haka HTLV-1 kusan bai canza ba cikin dubban shekaru, har masana kan bi sawunsa su gano yadda al'ummomi suka yi ƙaura. Ta haka aka ga kusancinsa da wani bairos na birai, kuma a 2005 an gano wasu danginsa biyu, HTLV-3 da HTLV-4, a jikin mutanen kudancin Kamaru masu farautar birai da fiɗarsu.

Tax da HBZ

Bairos bai bar rabuwar ƙwayar ga sa'a ba. Yana da furotin biyu da ke tura ta.

Na farko sunansa Tax. Shi ke tayar da umarnin bairos a fara ƙera sababbi, shi ke ƙara ICAM-1, shi ke kunna hanyoyin da ke sa ƙwayar T ta farka ta rabu, ya kuma hana ta mutuwa a lokacin da ya kamata. Yana raunana masu gyaran DNA, sai kurakurai su riƙa taruwa. Amma Tax yana da aibi ga mai shi: ƙwayoyin CD8 suna gane shi da sauri, duk ƙwayar da ta nuna shi kuwa kashe ta suke yi. Saboda haka yawancin lokaci a kashe yake. Yakan kunnu na 'yan sa'o'i, ya yi aikinsa, ya mutu.

Na biyu, HBZ, sai a 2002 aka gano shi, don umarninsa a ɗaya daga zare biyun DNA ɗin yake, ana karanta shi ta baya, inda ba a yi tsammani ba. Shi a hankali yake aiki, kusan kullum, kuma garkuwar jiki ba ta ganinsa sosai. Yana sa ƙwayar ta ci gaba da rabuwa, yana kuma danne Tax kada ya tona asiri. Waɗannan furotin biyu sun fi tasiri a kan ƙwayoyin CD4, shi ya sa zuriyarsu ke rinjayar sauran. Ga rabin amsar da muka bari a baya.

A jikin mafi yawan mutane ana zaman doya da manja tsakanin ƙwayoyin da suka kamu da masu kashe su, ba wanda ya ci wani, har ƙarshen rayuwa. Kusan 9 cikin 10 ba za su taɓa yin ɗaya daga manyan cututtukan biyu da ke tafe ba. Amma a jikin kusan kashi 5 cikin 100, wata zuriya guda takan tara kurakurai ɗaya bayan ɗaya cikin shekaru 30, 40 ko 50, har ta ƙwace daga kowane linzami. Ita ce sankarar da aka gani a Kyoto. Sau da yawa ƙwayoyin sankarar sun daina fitar da Tax sam, amma HBZ yana nan cikin dukkansu. Wanda tasa ta yi tsanani, sinadarin kalsiyom kan yi masa yawa a jini, ya kawo ƙishirwa, yawan fitsari da ruɗewa. Ana yaƙarta da magungunan sankara, da haɗin zidobudin da intaferon, da dashen ɓargo. A 2012 Japan ta amince da wani magani, mogamulizumab, mai kama wata alama da ke jikin ƙwayoyin. Duk da haka mai tsananin tana da wuyar magani har yau. Kusan duk masu wannan sankara tun suna jarirai suka kamu.

Ɗaya cutar ta laka ce. Antoine Gessain ya danganta ta da bairos ɗin a tsibirin Martinik a 1985, Mitsuhiro Osame kuma a Kagoshima ta Japan a 1986. Ƙwayoyin da suka kamu sukan kutsa cikin laka, masu kashe su su bi su, faɗan da ake yi a wurin ya lalata jijiyoyin da ba ruwansu. Ƙafafu su riƙa sandarewa a hankali cikin shekaru, fitsari ya ƙi riƙuwa ko ya ƙi fita, baya ya yi ta ciwo. Ta fi kama mata, kuma ba ta wuce kashi 4 cikin 100 na masu bairos ɗin ba. Irin wannan ciwo mai zuwa sannu-sannu ba tare da faɗuwa ko rauni ba, a wurinmu an fi kai shi ga jifa ko iska. Ya cancanci a kai shi ga likitan jijiyoyi tun ƙafar tana takawa. Bairos ɗin yana kuma kawo kumburin ido, da wasu ƙuraje masu naci a fatar yara da aka fara bayyanawa a Jamaika, yana kuma sa wata tsutsar ciki ta yi tsanani fiye da yadda ta saba.

Nono, jini da aure

Wanda ya fahimci cewa sai rayayyar ƙwaya ta shiga jiki, zai iya lissafa hanyoyin kamuwa da kansa. Ina ake samun rayayyun fararen ƙwayoyi suna barin jikin wani su shiga na wani? A nono, a jini, a maniyyi da ruwan farji, da kuma dashen gaɓa kamar ƙoda. Gaisawa, cin abinci a kwano ɗaya, buta ɗaya, tari, cizon sauro, duk ba sa kawo shi. Babu dalilin ƙyamar mai ɗauke da shi.

Ta jima'i ya fi wucewa daga namiji zuwa mace, kuma yawanci a zama mai tsawo, shi ya sa yawan mata masu ɗauke da shi ke ƙaruwa da shekaru. Kwaroron roba yana tare shi. Ta jini kuwa, Japan ta fara gwada duk jinin da aka bayar a 1986, Amurka a 1988, kuma tace fararen ƙwayoyi daga jini kafin a ƙara shi yana rage haɗarin ƙwarai. A yawancin ƙasashen Afirka gwajin da aka saba yi wa jini na HIV ne, da ciwon hanta iri B da C, da tunjere. HTLV-1 ba ya ciki. Gwajin HIV kuma ba ya nuna shi, nasa daban ne. Sirinji ɗaya ga mutum biyu hanya ce tabbatacciya, kuma wannan ƙa'ida ta isa ta sa a nemi wanzami ya sauya aska ko reza tsakanin mutum da mutum.

Maganar nono ita ce mai nauyi, kuma ina roƙon ku karanta ta da natsuwa. Nonon uwa cike yake da rayayyun fararen ƙwayoyi. Suna daga cikin abin da ya sa yake kare jariri. In uwa tana ɗauke da HTLV-1, wasu daga cikin ƙwayoyin suna ɗauke da shi, kuma jaririn yana haɗiyar su kullum. A binciken Japan, kusan 1 cikin 5 na yaran da irin waɗannan iyaye suka shayar fiye da wata 6 sun kamu. Cikin waɗanda aka ba madarar gwangwani, kusan 3 cikin 100 ne. Shayarwar da ba ta wuce wata 3 ba haɗarinta kaɗan ne, kusa da na madara. Har daskarar da nono a firiza a narkar da shi an yi amfani da shi a can, don sanyin yana fasa ƙwayoyin, bairos kuwa ba ya iya komai ba tare da su ba. Jihar Nagasaki ta fara gwada masu juna biyu a 1987 tana ba waɗanda aka samu da shi shawara, kuma kamuwar jarirai ta faɗi warwas. Daga 2011 gwajin ya shiga awon ciki a duk faɗin Japan.

Amma Japan ƙasa ce mai ruwan famfo mai tsabta, inda uwa za ta iya sayen madara wata da watanni. A inda ruwan rijiya ko na 'yan garuwa ake sha, inda kuɗin gwangwani ɗaya ya fi ƙarfin gida, jaririn da aka cire daga nono yana fuskantar gudawa da tamowa a wannan shekarar, ba bayan shekara 50 ba. Mafi yawan iyaye mata ba sa ɗauke da wannan bairos. Cikin yaran waɗanda ke ɗauke da shi ma, mafi yawa ba sa kamuwa, cikin waɗanda suka kamu kuma kaɗan ne za su yi sankara. Don haka kada wata uwa ta yaye ɗanta, kada wani miji ko kaka su sa a yaye shi, saboda abin da aka karanta a wannan darasi. Shawarar rage shayarwa ta matar da aka gwada aka tabbatar ce kaɗai, ita da likitanta, bayan an duba ruwan gidanta da ƙarfin aljihunta. Wadda ta san tana ɗauke da shi kuma kada ta shayar da ɗan wata.

Abin da ya kamata mu nema shi ne gwaji. Babu allurar rigakafi, babu maganin da ke fitar da bairos ɗin daga jiki, saboda haka hana shi shiga ne kaɗai abin da ke hannu, shi kuwa ba ya yiwuwa sai an san wa ke ɗauke da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto na musamman a kansa a 2021, fiye da shekara 40 bayan gano shi. A ganina an yi jinkiri, kuma jinkirin yana da alaƙa da cewa yawancin masu ɗauke da shi talakawa ne a wuraren da ba a gwaji. Wanda a danginsa aka taɓa samun sankarar jini ta ƙwayoyin T a babba, ko shanyewar ƙafafu mai zuwa a hankali da ba a gano dalilinta ba, yana da hujjar tambayar likita a babban asibiti ko za a iya yi masa gwajin HTLV-1, musamman mace kafin ta haihu.

Tambayoyi

1. HIV da HTLV-1 duk suna kama ƙwayoyin CD4. Me kowannensu ke yi da su?

2. An ƙara wa mutum biyu jini daga mai ɗauke da HTLV-1: ɗaya jini mai ƙwayoyi, ɗaya ruwan jini zalla. Wanne ke cikin haɗari, kuma me ya sa?

3. Ku bayyana da kalmominku abin da ke faruwa daga lokacin da ƙwayar da ta kamu ta taɓa lafiyayya har bairos ya shiga.

4. Me ya sa magungunan HIV ba sa rage HTLV-1 a jikin wanda ya daɗe da shi?

5. Ku tattauna a aji: maƙwabciyarku mai jego ta ji labarin wannan bairos, ta tsorata, ta ce za ta yaye jaririnta ɗan wata 2 alhali ba a taɓa gwada ta ba. Me za ku ce mata, kuma ina za ku raka ta?